Shekarar da Na'ura Ta Rubuta Abin da Ban Rubuta Ba

Balkisu, Sani, Nafisa, na san abin da kuka jiyo a Tasawa lokacin da kuka je hutu, ko da yake babu wanda ya kawo mini maganar a cikinku. Uwarku ce ta gaya mini cewa a gidan biki wata mata ta nuna Nafisa da baki, ta ce ai 'yar mai littafin rawa ce. Na daɗe ina ganin shiru ya fi. Amma yanzu idona ya fara rauni, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma wasu sun rasu, wasu sun watse cikin duniya. Gara ku ji daga bakina, tun daga farko, yadda ya faru.

Karatun addini ya kawo ni Alƙahira, kamar sauran 'yan ƙasarmu. Na yi shekaru a unguwar Madinat Nasr, mu da yawa a shaƙƙa ɗaya, wato sashen haya a bene, muna karɓa-karɓar girki da wanke-wanke. Da na auri uwarku Hauwa, 'yar Hausawan Sudan, sai muka koma Hadayek el-Maadi, hawa na sama a wani tsohon bene, tare da kakarku Haboba wadda ta rantse ba za ta rabu da autarta ba. A shekarar da nake ba ku labari, iƙamata, takardar izinin zama, ta ƙare, takardun sabuntawa suna can suna jiran sa hannu, duk lokacin da na je sai a ce in dawo gobe. Wanda bai zauna ƙasar wasu da matacciyar takarda ba, ba zai gane ba. Ka hango ɗan sanda a bakin metro sai ka tsinci kanka kana kallon takalman da ba ka da niyyar saya. Ke kuma Balkisu, uwarku na ɗauke da cikinki.

Da safe ina zuwa darasi, da rana ina aiki a maɗaba'ar wani dattijo, Hajj Sabri, a ƙarƙashin wani gini can wajen unguwar Darus Salam. Ya ɗauke ni ne saboda ina karanta Larabci da ajami, yana kuma samun aikin littattafai daga 'yan kasuwarmu. Ni ke shigar da rubutu a na'ura, ni ke gyara kurakurai. Kada ku ɗauka irin kwamfutar da ke cikin jakunkunanku ce. Akwatunan ƙarfe ne guda biyu, kowanne ya kai tsayin mutum, a wani ɗaki da aka sa wa na'urar sanyaya iska alhali mu ma'aikata muna gumi a waje. Hajj Sabri ya saye ta ne hannu na biyu daga wani gidan jarida, kuma tun a wancan lokacin ta riga ta zama tsohon yayi. Amma haruffan Larabcinta suna da kyau ƙwarai, har da wasulan ajami da aka ƙera mata musamman, shi ya sa ya ƙi rabuwa da ita. Ina zaune gaban ɗan gilashi mai koren rubutu, ita kuma tana gurnani a bayana yini guda.

A farkon shekarar faifan da take ajiye aiki a kai ya fara kuka kamar injin niƙa. Akwai wata injiniya, Madam Samira, da ta saba zuwa duba na'urar tun zamanin gidan jarida. Amma Tamir, ɗan Hajj Sabri, ya ce ba sai an kira ta ba. Tamir ba mugu ba ne, ina so ku riƙe wannan. Saurayi ne mai kaifin kai, ya iya kwamfutocin zamani, yana son ubansa ya ga amfaninsa. Ya sayo sabon faifai wanda ya ninka tsohon sau da yawa, ya haɗa da hannunsa, ya raba shi gida biyu: yanki ɗaya na littattafai, ɗaya na ƙananan ayyuka, wato katin biki da jerin abincin gidajen cin abinci da takardun talla da ake mannawa a bango. Muka yi murna, wuri ya wadata. Bayan wani lokaci wani katin ɗaurin aure ya fito da rabin layi na abubuwan da ke warware alwala a ƙarƙashin sunan amarya. Aka yi ta dariya, aka ce Shaikh Lawali ya yi gyangyaɗi a kan madannai. Ni ma na yi dariya, na sake buga katin.

A watannin nan ne Alhaji Ilu, wani ɗan kasuwar Maraɗi mai zirga-zirga tsakanin nan da gida, ya kawo littafin Malam Gambo. Malam Gambo shi ya karantar da ni a Tasawa, shi ya karantar da rabin garin. Ya shafe shekaru yana rubuta littafin a kan hukunce-hukuncen salla da azumi, Larabci a sama, fassarar Hausa da ajami a ƙasa, da ayoyi da hadisai a matsayin hujja. Ban taɓa yi wa wani aiki hidima irin wannan ba. Na bi gwajin bugun harafi harafi, na sake bi, na ba wani hafizi ya bi ayoyin. Da komai ya daidaita na sa hannu, sannan na tattara takardun gwajin na ƙone su a tukunya a bayan maɗaba'a, kamar yadda muke yi wa duk takardar da ke ɗauke da aya don kada ta faɗa hannun mai soya ta'amiyya, ƙosan Masar, ya ƙunshe a ciki. Aikin ya ɗan jira layi kafin a fitar da shi a fim, a ɗora a inji. Masu inji ba sa karanta abin da suke bugawa, tawada da daidaiton shafi kawai suke kallo. A shafin ƙarshe aka rubuta sunana da na mahaifina da garinmu, a matsayin wanda ya gyara. Na kai wa uwarku kwafi ɗaya, ta sumbace shi ta ɗora a saman kabad. Alhaji Ilu ya tura mafi yawan katan-katan gida, ya raba saura ga ɗalibai a Madinat Nasr, sadaka.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna cin abinci, aka buga ƙofa. Harisu ne, abokina da muka zauna ɗaki ɗaya a da. Bai yi sallama yadda ya saba ba, bai kuma cire takalmi ba. Ya ce in fito. A kan matattakala ya ciro littafin daga cikin riga, ya buɗe inda ya naɗe, ya miƙo mini.

"Karanta," ya ce.

Babin azumi ne. Ayar ta fara daidai, da wasulanta. A tsakiyarta, ba tare da ko tazara ba, rubutu ya juya ya zama tallan wani gidan rawa: sunan wata mai rawa, sunan makaɗa, da cewa kowace Alhamis ana kwana ana shagali. 'Yan layuka ne. Daga nan sai fassarar Malam ta ci gaba kamar babu abin da ya faru. Na tuna tallan, domin ni na shigar da shi da hannuna makonni kafin nan, ina istigfari, amma a ɗaya yankin, can nesa da littafin. Na zauna a kan matattakala.

"Lawali, kai ne?"

"Wallahi ba ni ba ne."

"To wa ke taɓa na'urar?"

Amsar ita ce ni.

"Yau a masallacin unguwarmu wani ya ɗaga shi sama bayan salla," in ji Harisu. "Ya karanta sunanka da na babanka. Wasu na cewa an saye ka ne. Wasu na tambayar inda kake zaune. Ni ban faɗa ba, amma ba ni kaɗai na sani ba. Kada ka zo darasi."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda zan kwatanta muku su ba. Ban fita ba sai dole. Duk takun da na ji a kan bene sai in tsaya da numfashi har ya wuce ƙofarmu. Wata rana da hantsi bawwab, mai gadin gidan, ya hawo ya ce wasu samari baƙaƙe irina sun zo suna tambayar hawan da nake, ya ce musu na tashi. Ya faɗa yana kallona, kallon wanda ke son sanin abin da na yi. Ina tsoron samarin, ina tsoron hukuma, domin a ƙasar nan taɓa aya a bugu ba ƙaramin laifi ba ne, ga shi ba ni da takarda. Amma akwai tsoron da ya fi waɗannan, wanda ban gaya wa kowa ba. Na fara zargin kaina. Ina zaune sai in ɗaga hannuwana in yi ta kallonsu. Ko na yi ne ban sani ba? Ko kaina ya fara taɓuwa? Ko wani abu ke shiga jikina ya yi aiki da yatsuna? In na tayar da salla na zo karatu sai harshena ya yi nauyi, ina jin tsoron abin da zai fito.

Haboba ba ta yi mini magana kai tsaye, kunyar suruki. Tana zaune a kan tabarma tana dakan gahawar jabana, sai ta yi magana da 'yarta da ƙarfi yadda zan ji.

"Gaya wa mijinki akwai jirgin ƙasa zuwa Aswan. Daga can mutanenmu za su tsallakar da shi Sudan. Na ga yadda taro ke yi wa mutum, ba a tsayawa tambaya."

"Inna, in ya gudu ai ya amsa laifi ke nan."

"Mai rai ne ke wanke kansa, ya bitti. Gaya masa."

Uwarku ta juyo ta dube ni, hannunta a kan ciki. Ba ta yi kuka ba, ita ba mai kuka ba ce. Ta ce, "Malam, ni dai abu ɗaya nake so. Kada yaron nan ya tashi ana nuna shi." Ta ɗauka namiji ne, Balkisu.

Hajj Sabri ya aiko a kira ni. Na bi ta lunguna na je, na tarar ya sallami ma'aikata, ya ja ƙofar ƙarfe rabi. Yana zaune da littafin a gabansa, Tamir na tsaye a bayansa. Dattijon ya tsufa a 'yan kwanakin nan.

"Ya ibni, ɗana, zauna," ya ce. "Ban ce da gangan ka yi ba. Na san ka. Amma babu mai shiga ɗakin nan sai kai. In maganar ta kai sama, za su rufe wurin nan, ni kuma su tafi da ni, ga iyalan mutanen da ke ci a nan. Ka ce kuskuren hannu ne, ka haɗa aiki biyu ba ka lura ba. Zan saya maka tikiti kai da matarka. Ka tafi gida kafin a neme ka, khalas, shi ke nan."

"Ya Hajj, gidan da zan je can ne littafin ya tafi."

Hajj ya juya ya dubi ɗansa.

"Na'ura ba ta ƙirƙira, ya Shaikh," in ji Tamir. "Abin da aka ba ta shi take fitarwa."

Na kusa amsawa da to. Wallahi na kusa, don na gaji, kuma ni kaina ban tabbata ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne katin ɗaurin auren nan da ya faɗo mini a rai. Wancan karon littafi ne ya shiga talla, wannan karon talla ne ya shiga littafi, kuma duka biyun bayan an canza faifai. Na roƙi Hajj ya ba ni kwatancen gidan Madam Samira. Tamir ya ce ɓata lokaci ne. Uban ya daɗe yana jan carbi, sannan ya gaya mini sunan titin a Shubra.

Ban taɓa jin tsawon metro irin na ranar ba. Na tsaya a kusurwa na rufe rabin fuska da jarida. Madam Samira ta buɗe ƙofa da kanta, gajeriyar mace mai furfura, da ƙaramin gicciye a wuya da tabarau a rataye. Na yi zaton Kirista ba za ta so shiga rigimar aya ba. Ta saurare ni har ƙarshe a tsaye, ta karɓi littafin da hannu biyu, ta duba shafin. Ba ta tambaye ni ko ni na yi ba. Tambayarta ɗaya ce.

"Wa ya raba faifan, kuma a ina ya yanka?"

Washegari da safe ta zo maɗaba'a da jakar kayan aikinta. Ta zauna a kujerata ta yi ta danne-danne, lambobi na gudu a gilashi, mu uku muna tsaye a kanta. Can sai ta cire tabarau ta juyo wajen Hajj.

"Ka san agogon kilomita na tsohuwar tasi, ya Hajj? In ya cika tara-tara, me yake yi?"

"Ya koma sifili."

"To haka tsarin wannan na'urar yake. Tana ƙirga gurabun faifai ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ƙirgarta tana da iyaka. Megabait talatin da biyu, nan ta tsaya, haka aka gina ta tun lokacin da babu wanda ya yi mafarkin faifai zai wuce haka. In an kawo mata babba, akwai hanyar da ake bi a yanyanka mata shi ƙanana, a koya mata tsallakawa daga wannan zuwa wancan. Ɗanka ya aza farkon yanki na biyu can gaba da inda ƙirgarta ke ƙarewa. Ba za ta ce maka ba ta iya ba. Sai ta zagayo ta sifili ta sauka a tsakiyar yanki na farko. Kuna ganin ɗaki biyu ne, alhali ƙasa ɗaya suke kwance a kai. Da farko wurin babu kowa, shi ya sa ba ku lura ba. Da littattafai suka yi yawa suka iso nan, duk wanda aka rubuta daga baya sai ya hau kan ɗan'uwansa."

Tamir ya ce ba zai yiwu ba, a kwamfutarsa ya yi irin wannan ba sau ɗaya ba. Ba ta yi masa gardama ba. Ta sa na buɗe wani tsohon aiki a yankin littattafai, muka karanta shi lafiya lau. Ta koma yankin talla, ta zaɓi gurbi, ta rubuta sunanta, Samira, ta ajiye. Ta ce in sake buɗe aikin farko. Ga sunanta nan a tsakiyar layi, ya cinye kalmomin da ke wurin. Na tashi na fita bayan maɗaba'a, na dafa bango na yi ta kuka kamar yaro. Ba murna ba ce tukuna. Hannuwana kawai nake kallo, na san nawa ne.

Da na dawo na tarar Tamir zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Hajj Sabri ya riga ya yanke shawararsa. Ya ce Madam ta goge faifan tas, ta raba shi yadda ya kamata, a sake buga littafin a kan aljihunsa, a bi a karɓo na hannun mutane a hankali, kada kowa ya ji sunan ɗansa. Madam ta dube ni.

"In na goge, babu sauran abin da za ka nuna wa kowa," ta ce. "Maganarka ce kawai, da ta tsohuwa Kirista."

Nan ne na yi abin da har yau nake auna shi. Mutumin nan ya ɗauke ni aiki ba ni da takarda, ya taɓa biya wa uwarku asibiti, yana kirana ɗansa. Na san in na kawo mutane, magana za ta fita, in ta fita hukuma za ta zo, in ta zo ni ma ba zan tsira ba. Na kuma san in aka goge, Malam Gambo da mahaifina da abin da ke cikin uwarku za su ɗauki wannan suna har abada. Na ce, ya Hajj, ka yafe mini, ba za a goge ba sai shugabannin ɗalibanmu sun gani da idonsu. Ya dube ni kallon da ban manta ba. Ya ce, "Na ɗauka kai ɗana ne." Daga ranar bai sake yi mini magana ba.

Harisu da Alhaji Ilu suka kawo dattawan ɗalibai, har da wanda ya ɗaga littafin a masallaci. Madam Samira ta sake yin gwajin a gabansu. Mai ɗaga littafin ya ce shi bai yarda ba sai ya rubuta da hannunsa. Ya rubuta, ya gani. Sai ya kama hannuna ya ce in yafe masa, ya kuma yi alkawarin zai faɗa a inda ya faɗi na farko. Ya cika alkawari. Amma abin da na ji tsoro ya faru. Kafin mako ya zagayo jami'ai suka zo, suka kwashe sauran littattafan, suka sa wa ƙofa jan hatimi. Bayanin Madam ya hana a tuhumi kowa da ganganci, sai dai da aka nemi takarduna aka ga ta mutu, aka tafi da ni. Ba su doke ni ba. Ɗaki ne cike da mutane, kullum ana kiran sunaye, ba ka san ko naka kiran na gida ne ko na filin jirgi ba. Ina ciki aka haife ki, Balkisu. Haboba ce ta kawo mini labari, ta tsaya bayan wayar shinge, karo na farko da ta dubi idona ta yi mini magana baki da baki. Ta ce, "Mace ce. Tana da lafiya. Ka ci abinci."

Alhaji Ilu ya tsaya mini har na fito, daga baya aka daidaita takardata. Amma jarrabawar shekarar ta wuce ni, gurbin karatuna ya tafi, ban kuma sake komawa ba. Maɗaba'ar ta daɗe a rufe, da aka buɗe masu kawo aiki sun watse. Hajj Sabri ya sayar da injinan, na'urar kuma masu gwangwan suka kwashe ta a amalanken jaki. Da ya rasu na je ta'aziyya, Tamir ya karɓi hannuna bai ɗago kai ba. Na koma taya Alhaji Ilu harkar kaya, sana'ar da kuka taso kuka same ni a ciki.

A gida kuwa labarin farko ya riga na biyu isa, kuma na biyun ba shi da daɗin faɗa. Wa zai tsaya a kasuwar Tasawa ya saurari zancen faifai da ƙirga? Katan-katan da yawa Alhaji ya tare su a hanya, amma wasu an riga an sayar, sun shiga garuruwa. Malam Gambo ya aiko mini da saƙon baki cewa ya yarda da ni. Mahaifina bai aiko da komai ba. Na aika masa bayani ta hannun duk wanda zai tafi, shiru. Na yi kaset na zauna na yi masa bayani dalla-dalla, shiru. Na ɗauka ya yanke ni ne. Tsoron haɗa ido da shi ya sa na yi ta ɗaga tafiya, bana sai baɗi, har aka bugo waya aka ce ya rasu.

Da na je, bayan an watse daga zaman makoki, baffanku Isa ya kai ni ɗakin tsohon. Ya ɗauko littafin Malam Gambo daga cikin gafaka, bangonsa ya yi laushi don amfani. Na buɗe babin azumi. An yanko farar takarda daidai faɗin layukan nan an manne a kai da ƙaro, an rubuta sauran ayar da tawadar gargajiya, da rubutun da zan gane ko a cikin dubu.

"Ba wannan kaɗai ba ne," in ji Isa. "Tun ranar da abin ya iso, bai ce wa kowa uffan ba. Ya nemi reza da ƙaro da tawada ya zuba a aljihu. Duk inda ya ji an sayi littafin sai ya je, a ƙafa ko a mota, har ƙauyukan da ban san sunansu ba. Ya yi sallama, ya ce a ara masa, ya zauna a ƙofar gida ya gyara, ya mayar. Wasu su zage shi, wasu su ba shi ruwa. Haka ya yi ta yi har ƙafarsa ta gaza."

"Ya saurari kaset ɗin da na aiko?"

"Ya saurara. Ya ce shi bai gane zancen na'ura ba. Na ce to Baba, ka aika masa da amsa mana, yana can hankalinsa a tashe. Sai ya ce, amsar me? Yaron ya yi aiki, aikin ya samu rauni, ni kuma ina kusa."